Gurbin Yaya

Da la'asar sakaliya Inna ta aike shi, aiken kuwa bai taka kara ya karya ba. Hoto ɗaya ne za a sauko da shi daga intanet, a wanke, a kawo mata kafin hantsin gobe. Irin aikin da Almakashi yake yi da hannun hagu yana hamma.

Almakashi sunan da kasuwa ta raɗa masa ne, kuma ya ci sunan. Shagonsa na ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran agogo da ɗakin da ake tara kwalaye. Kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, firinta mai tari kamar tsohon mashayin taba, sai fankar da ba ta juyawa sai an mare ta. Shi ba ya ɗaukar hoto, gyara yake yi. Ya cire maka abokin da kuka ɓata daga hoton biki, ya sa maka kwat, ya tsayar da kai gaban jirgin sama alhali ko tashar mota ba ka taɓa wucewa ba. Ya taɓa ɗora kan mai benen a wuyan jaki ya manna a bakin matakala. Sau uku mutumin yana wucewa yana dariya kafin ya gane hularsa. Makaranta kuwa a aji biyar na sakandare ya ajiye musu kayansu, wai malaman ne suka kasa biyo shi.

"Ni da kwamfuta ciki ɗaya muka fito," haka yake cewa. "Ni ne dai babba."

Abin da ya sa aiken ya zama na gaggawa, idon Inna ne yake tafiya. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiya ce take mutuwa. Yanzu duniya ta rage mata kamar mai leƙe ta kafar makulli, shi ma sai da safe in rana ta bugi bakin ƙofa. Ranar nan tana zaune a kan darduma ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ina so in ga fuskar yayanku sau ɗaya kafin a rufe mini tagar."

A gidan kuwa babu hoton Yaya ko ɗaya. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa.

Shekara tara ke nan. Yaya shi ne babban wansu, Babba a bakin Inna, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar Baba. Ma'aikacin masaƙa ne, mutum mara yawan magana, ya tsani kyamara kamar yadda kyanwa ta tsani ruwa. Sau ɗaya tak aka taɓa lallaɓa shi ya tsaya, a tsakar gida, jikin bangon ɗakin Inna: ita a kujera, ƙanwarsu Auta a ƙasa, Almakashi a hagu, Yaya a dama. Ranar da Yaya ya gano cewa wata uku ƙanensa yana sa kayan makaranta ya fita amma a shagon kwamfuta yake yini, har can ya bi shi, ya wanka masa mari a gaban abokai. Mari ɗaya. Kunnen ya kwana biyu yana kiɗa.

Almakashi bai iya dambe ba, sai ya yi abin da ya iya. Ya zare hoton daga firam, ya kwafe shi a na'ura, ya bi gefen Yaya da linzamin kwamfuta a hankali, tun daga hula har takalmi, ya cire shi fit. Ramin da ya rage ya cike da bango. Ya riƙa ɗebo bangon gefe yana liƙawa, har wata 'yar tsaga mai kama da ƙugiya ta fito sau biyu, in ka lura da kyau. Da ya zo adanawa kwamfuta ta tambaye shi: akwai wani mai wannan suna, a maye gurbinsa? Ya danna eh yana fito. Na takardar kuma ya cilla bayan kabad, inda laimar damina da gara suka raba shi tsakaninsu. Ya mayar da sabon cikin firam, ya rataye, ya zauna yana jiran a yi dariya.

Ba a yi ba. Yaya ne ya fara gani. Ya daɗe tsaye a gaban hoton, hannuwansa a baya.

"Ka iya aikinka," ya ce. "Ko alama babu."

Sati bakwai bayan nan belin injin masaƙa ya kama rigar Yaya, ya zama ajalinsa. Tsakanin marin da makara, maganar nan ce kaɗai ta shiga tsakaninsu. Inna ta sauke firam ɗin ta kife shi a ƙasan akwatinta, ba ta taɓa ce wa Almakashi kanzil ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

To, yau ga dama ta samu. Auta ce ta tono hoton, ta kira shi yana hanyar shago.

"Na turo maka adireshin. Shafin ƙungiyar ma'aikatan masaƙarsu ne, tun na da. Yana layin baya, na uku daga dama. Na yi na yi a wayata, ya ƙi sauka."

"Wayarki ai ko gaisuwa ba ta iya saukewa ba."

"To sarkin cika baki, ga fili ga mai doki."

"Minti biyu. Ɗaya na aiki, ɗaya na shan iska."

Auta ba ta taɓa kiransa Yaya ba. A gidansu Yaya ɗaya ne.

"Almakashi, don Allah ban da wasa. Jiya ko kofin da ke hannunta ba ta gani ba."

Sanda ya isa, kasuwa ta fara naɗe tabarmarta. Ana jan ƙofofin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ƙurrr, gam. Warin sharar da aka cinna wa wuta yana biyo iska. Ya ɗaga tasa ƙofar rabi, ya mari fanka, ya kunna kwamfuta. Ta bayan katakon da ya raba su yana jin agogunan maƙwabcinsa, sun fi arba'in, kowanne da nasa ra'ayin, ba biyun da suka taɓa yarda da juna.

Shafin ya buɗe da ƙyar, kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Rubutu na ƙarshe a kansa shekara takwas da suka wuce ne, sanarwar wani taro da ƙila ba a yi ba, don a shekarar aka rufe masaƙar. A ƙasa ga hoton. Maza goma sha biyu cikin shuɗin kayan aiki, layi biyu, a gaban ƙatuwar ƙofar ƙarfe. Na uku daga dama ya ƙanƙance ido kamar wanda aka kamo da ƙarfi.

Almakashi ya matso da fuskarsa kusa da hoton.

"Malam, ko a nan ba za ka yi murmushi ba?"

Ya ɗora kibiya a kan hoton, ya danna maɓallin dama, ya zaɓi a adana. Wurin suna ya rubuta Yaya. Kwamfuta ta yi ɗan tunani, sannan ta fito masa da ƙaramin akwati, da Turancinta na rashin kunya, wai an kasa.

Ya sake. An kasa.

Na uku ta karɓa. Ya yi murmushi, ya je ya duba, sai ya tarar da buhu ba hatsi. Suna yana nan, nauyi sifili.

"Ke, ni za ki yi wa wayo? Ni na raine ki. Minti biyu na ba ki."

Ya duba ko wuri ne ya cika, ya ga fili kamar filin ƙwallo. Ya share tarkacen da manhajar take tarawa. Ya rufe ta, ya buɗe wata manhajar, ya sake shiga shafin. Ya sauya wutsiyar sunan fayil ɗin, ya gwada wannan ya gwada waccan. Ya zare wayar intanet, ya hura mata iska kamar mai tofi, ya mayar. Duk dabarar da yake sayar wa mutane da tsada ya zube ta a teburin nan. An kasa, an kasa, an kasa.

Inuwa ta tare bakin ƙofa. Mai Agogo ne, tsoho mai gilashi ɗaya rataye a wuya, da buta a hannu.

"Ɗan nan, ba ka ga rana ta faɗi ba?"

"Minti biyu, Baba."

"Tun ɗazu nake jin minti biyun nan ta katako. Ni kuwa ka san sana'ata." Ya sunkuyo yana leƙen fuskar kwamfutar. "Gidan wa ka shiga?"

"Ba gida ba ne, Baba. Shafi ne."

"Akwai masu shi?"

"Sun watse tun shekara takwas."

"Ba mai shara, ba mai kunna fitila?"

"Babu."

"To ai kango ne." Tsohon ya miƙe. "Kango kuwa ba ya rasa mai shi. Ka yi sallama da za ka shiga?"

Almakashi ya ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur.

"Baba, su ma mutanen ɓoye sun fara sayen data ne? Ka ce su zo, ina yi wa baƙi ragi."

Mai Agogo bai yi dariya ba.

"Ka shiga kango da almuru, ba sallama, kana jan kaya. Ko ɗan Adam ne a ciki ai sai ya tambaye ka." Ya juya. "Ka tashi mu je masallaci. Abin da ya ƙi fitowa da magariba, a bar shi sai da safe."

"Da safe ake so, Baba."

Takun silifas ɗinsa ya yi nisa. Ƙofar ƙarfe ta ƙarshe a layin ta sauka. Gam.

Saura dabara ɗaya ta 'yan koyo, wadda yake raina masu yi. Ya kama hoton da kibiya, ya jawo shi waje, ya saki. Sai ga shi ya zauna. Nauyi ya nuna. Almakashi ya daki ƙirji.

"Wa ya ce ba ni ba!"

Ya buɗe.

Maza goma sha ɗaya.

Ya ƙirga da yatsa. Ya sake ƙirgawa. Layin baya, na uku daga dama, babu kowa. Hannun na kusa da shi yana nan a sama, dafe da kafaɗar da ba ta nan.

Ya ce a ransa hoton ne bai gama sauka ba. Ya faɗaɗa wurin. Ya ƙara faɗaɗawa.

A bayan sauran mutanen ƙofar ƙarfe ce. A gurbin Yaya kuwa bango ne. Bango mai tsohon fenti ruwan ƙwai. Ga 'yar tsaga mai kama da ƙugiya. Ga ta kuma a ƙasa kaɗan, ita ɗin dai, sak.

Bangon ɗakin Inna.

Aikin hannunsa.

Gumi ya tsattsafo masa a ƙeya. Ya koma shafin. Yaya yana nan, tsaye, da ƙanƙantaccen idonsa. Ya danna maɓallin da ke ɗaukar duk abin da ke fuskar kwamfuta. Ya buɗe. Bango. Ya ciro wayarsa, ya saita kyamara. Da idonsa yana ganin Yaya. A cikin wayar, bango.

Ya ajiye wayar a hankali.

A lokacin ne ya lura da agogunan. Sun daina gardama. Duka arba'in ɗin suna bugawa tare, kamar sojoji. Tak. Tak. Tak.

Suka tsaya.

Fanka ta yi juyi biyu ta sunkuyar da kai. Ƙwan fitila ya yi ja, ya mutu. An ɗauke wuta.

Kwamfutar ba ta mutu ba.

Can nesa ladan ya fara kira, amma muryar kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Warin shara ya ɓace. Wani wari ya maye shi, na bangon da ruwa ya jiƙa, na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya dubi hoton. Idon Yaya ba ya kan mai ɗaukar hoto yanzu. Ya karkata kaɗan. Yana kallon wani abu a bayan kafaɗar Almakashi ta dama.

Benci ya yi ƙara. Irin ƙarar da yake yi in mutum mai nauyi ya zauna.

"An tashi," in ji Almakashi, bai waiga ba. Muryarsa ta fito siririya. "Sai gobe."

"Ni ma ban ji sallamarka ba."

Muryar ba ta da ƙarfi. Kamar yashi ne yake zubowa daga jikin gini.

Ya nemi a'uziyya a bakinsa, ya tarar harshe ya manne da ganɗa. A baƙin gefen gilashin kwamfuta yana ganin inuwar shagon. Ga benci. Ga abin da ke kai. Tsayin Yaya. Faɗin kafaɗar Yaya. Har tudun hular. Gefensa a yanke tsaf, yankan gwani, ba gargada ko ɗaya. Amma cikinsa duk bango ne. Inda fuska ya kamata ta kasance, tsaga ce mai kama da ƙugiya.

Tsagar ce take motsi.

"Kai ka gina mini ɗaki."

"Ni... ban san ka ba."

"Ka share mutum, ka bar wurinsa a buɗe. Mu ba ma wuce ɗakin da ba kowa. Shekara tara ina ciki. Ɗaki mai kyau. Ka iya aikinka."

Yashi ya zubo a kan siminti. Shhh.

"Hoton kawai nake so," in ji Almakashi. "Tsohuwa ce. Idonta..."

"Na sani. Ina jin ta ta bango."

"To ka sakar mini."

"In koma ina? Duk inda ka kai fuskarsa, gurbina ne, ni zan zauna. Sai dai ka ba ni wani ɗakin."

"Wanne?"

Kibiya ce ta motsa da kanta. Ta hau hoton. Akwatin adanawa ya buɗe. A wurin suna haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa maɓalli. Ba Yaya aka rubuta ba. Ba Almakashi ba. Sunansa na yanka ne, cikakke, wanda rabonsa da ganinsa tun a rajistar makaranta.

Sai ƙaramin akwati ya fito. Kwamfutar da ba ta taɓa yi masa Hausa ba, yau ta yi.

Akwai mai wannan suna. A maye gurbinsa?

Eh. A'a.

Firinta ta yi tari a cikin duhu. Ta ja takarda. Ta fara aiki, zuu, zuu, ba wuta. Bakin takardar ya leƙo. A hasken kwamfuta ya ga hula. Ya ga goshi. Goshin Yaya, da ɗan tabon da murfin tukunya ya yi masa tun suna yara.

Ta tsaya a daidai gira.

"Danna," in ji muryar. Yanzu a bayan kunnensa take, kunnen da aka mara. "Ƙanwarka za ta zo da safe ta tarar da shi a nan, cikakke. Tsohuwa ta gan shi a hasken hantsi."

"Ni fa?"

"Ko alama babu."

Hannunsa na kan linzami. Bai san sanda ya ɗora ba. Kibiya na zaune a kan eh.

Sanyi ya kama ɗan yatsan. Ya duba. Fatar ta koma ruwan ƙwai. Ta bushe. Wata 'yar tsaga tana buɗewa daga farce zuwa gaɓa.

Ya tuna Inna a kan darduma, fuskarta na bin haske kamar ganyen shuka.

Ya tuna Yaya yana fita da asuba, takalminsa a hannu don kada ya tashe su.

Ya dubi hoton. Yaya ya dawo da idonsa kansa. Ba roƙo a ciki. Ba fushi. Kallon nan ne na gaban firam, hannuwa a baya.

Wallahi ya yi niyya. A bar shi da wannan, ya yi niyya. Na tsawon numfashi ɗaya yatsan ya sauka har maɓallin ya fara nitsewa.

Sai ya ji zuciyarsa tana bugawa. Dum. Dum. Tasa ce. Yana son ta.

Ya ja linzamin. Nauyinsa kamar buhun siminti. Kibiya ta rarrafa. Ta rarrafa.

A'a.

Ƙyas.

Shiru.

Sai yashi ya fara zubowa da yawa, ta ko'ina, kamar gini yana dariya.

"Yayanka ya ce haka za ka yi."

Fuskar kwamfuta ta yi fari fat. Babu maza, babu ƙofar masaƙa. Layi ɗaya ne, da Turanci: ba a sami wannan shafi ba.

A bayansa ƙofar ƙarfe ta fara sauka da kanta.

Ƙurrr.

Ya tashi, kujera ta kife. Ya yi tsalle ta kan benci, kafaɗarsa ta gogi wani abu mai sanyi, mai kaushi. Saura kamu biyu ƙofar ta taɓa ƙasa. Ya zube rub da ciki. Ƙarfe ya kama rigarsa, ya karce bayansa tun daga wuya har ƙugu. A nan a'uziyyar ta ɓalle daga bakinsa, da ihu, da majina.

Gam.

Ya tsinci kansa a ƙasa, rungume da ƙafafun mutum. Silifas. Buta. Mai Agogo ne ya dawo daga masallaci. Fitilun layin duk a kunne suke, ba wanda ya ɗauke wuta. Ta cikin katako agoguna suna ta gardamarsu.

Tsohon ya dube shi, ya dubi ƙofar, ya dubi hannun da yake ɓoyewa a hammata.

"Ka samu?"

Almakashi ya saki ƙafafun tsohon, ya girgiza kai.

Da hantsi Inna ta sa aka fito mata da kujera bakin ƙofa, ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali kamar mai jiran baƙo. Auta na tsaye a bayanta. Ya zo ya durƙusa, hannu wayam.

"Intanet ɗin ne, Inna. Ya ƙi. Sun rufe shafin."

Auta ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Ba komai," ta ce. "Allah bai nufa ba." Ta juyo da fuska wajensa. "Matso nan. Shigo cikin hasken."

Ya matsa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, tana neman inda 'yar kafar ganinta za ta faɗa. Ta tsaya a goshi.

"Goshinku ɗaya," ta ce. "Tsaya haka. Kada ka yi magana. In ka yi magana sai ka ɓata."

Ya tsaya. Ta daɗe tana kallonsa, kuma ya san ba shi take kallo ba.

Kwana huɗu bayan nan tagar idonta ta rufe.

Sai a rana ta shida ya iya komawa shago, shi ma da tsakar rana, Mai Agogo na gaba yana sallama. Yashi ya rufe siminti har idon sawu, alhali ba bangon da ya fashe. A bakin firinta ga takardar: hula, goshi, ɗan tabo, daga gira zuwa ƙasa kuma fenti ruwan ƙwai. Da a ce ya yi ƙarfin halin dawowa washegarin daren nan da sassafe, da ko goshin ne Inna ta gani. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Har yau bai nuna wa Auta ba.

Yana nan yana sana'arsa. Zai sa maka kwat, zai tsayar da kai gaban jirgi. Amma ka ce ya cire maka mutum daga hoto, ko maƙiyinka ne, sai ya miƙo maka kayanka ya ce ka gwada gaba. Rana na yin ja yake jan ƙofa. Ɗan yatsan nan bai warke ba, ya sha mai ya sha magani, tsagar tana nan, kuma gilashin waya ba ya jin taɓinsa, sai ya sa na kusa da shi.

Inna kuwa tun da ganin ya tafi, in ta ji takunsa a soro sai ta ɗago kai ta yi murmushin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Babba, kai ne? An tashi daga masaƙar?"

Ranar farko Auta ta so ta gyara mata. Ya girgiza kai.

"Ni ne, Inna," ya ce.

Yanzu da takalminsa a hannu yake shiga gidan.